Ranar da Na'urata Ta Zagi Baba Nomau

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe ɗakin ordinater, wato kwamfuta, na kwalejinmu a Madarunfa ba, kuma ko da ni na so in manta, mutanen garin ba za su bari ba. Na sha yin abin kunya a rayuwata kamar kowa, amma wancan shi kaɗai ne na yi da lasifika, da majigi, da wakilin prefe, shugaban gundumarmu, zaune a kujerar gaba.

A lokacin ina koyar da fizik, malamin kwantaragi ne ni, shekarata ta uku a aiki. Amma ba da fizik aka san ni ba. Duk wanda salularsa ta ƙi kunnuwa, ko ordinater ɗin ofis ta ƙi buga takarda, ni ake aiko wa. Ba wata makaranta na yi a kai ba, da kaina na koya, da wata tsohuwar na'ura da yayana ya bar mini da kuma karance-karance a waya duk ranar da rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi kirki. Mutane suka fara kirana Injiniya. (Ban taɓa cewa ni injiniya ba ne, Allah ya sani. Amma kuma ban taɓa cewa a daina ba.)

Sai wata ƙungiya ta ba makarantarmu tsofaffin ordinater goma sha biyu, da sharaɗin mu samar da ɗakin da za a sa su. Iyayen yara suka ce wannan nasu ne. Shugabansu shi ne Baba Nomau, manomi daga Safo, dattijo dogo mai farin gemu wanda ya haura saba'in, jikokinsa uku suna karatu a wurinmu. Shi ya bi gida gida ya tara mutane, shi ya sa aka buga bulo, kuma a amalanken jakinsa aka kwaso rabin yashin ginin. Kusan kullum da hantsi sai ka gan shi tsaye da sandarsa yana duba ko magina sun karkatar da bango. Da aka gama, direktan makarantarmu Mushe Lawali (Mushe shi ne Malam a bakin ƴan bokonmu) ya kira ni ofis ya miƙo mini mabuɗi ya ce, “Ga ɗakinka. In ka yi abin kirki, sufeton ilimi yana neman wanda zai shirya irin wannan a Gabi da Sarkin Yamma. Na riga na ambaci sunanka.”

Na karɓi mabuɗin nan kamar an naɗa ni sarauta.

Na sa wa na'urorin babban tsarin da ake kira Linux, suka tashi lafiya. Amma na san ƴan makaranta, kuma na san kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, da ke ɗaukewa ba sallama. Cikin mako guda yara za su canza komai, su goge abin da bai kamata ba, wuta kuma ta ƙarasa sauran. Sai dabara ta zo mini: in sa kowace na'ura ta riƙa komawa sabuwa fil duk lokacin da aka kunna ta. Yaro ya yi ɓarnar da ya ga dama, a kashe, a kunna, komai ya dawo yadda na bar shi.

Bari in ɗan yi maka bayani, mai karatu, don in ba ka gane wannan ba, ba za ka gane girman wautata ba. In ka danna maɓalli, na'ura ba ta tashi gaba ɗaya a lokaci guda. Akwai ƴan daƙiƙun farko, kafin ka ga hoto ko wani abin dannawa, da wani ƙaramin tsari yake fara farkawa shi kaɗai. Aikinsa bai da yawa: ya nemo faifan da babban tsarin yake ciki, ya buɗe shi, ya miƙa masa ragama, ya ja da baya. Sunansa initramfs (kar ka wahalar da harshenka, ni ma sai da na yi mako kafin in iya faɗa ban ciji leɓe ba). Yawancin mutane ba su ma san da shi ba, kuma masu hankali a cikin waɗanda suka san da shi ba su cika taɓa shi ba. Ni kuwa nan ne daidai na ce zan cusa nawa rubutun, wato jerin umarnin da za su tsayar da na'ura a bakin ƙofa, su share ɓarnar jiya, sannan su bar ta ta wuce.

Wahalar aiki a wannan wuri ita ce babu mai gaya maka inda ka yi kuskure. In ka ɓata layi ɗaya, na'ura sai ta tsaya kawai, fuska baƙa ƙirin, ta zuba maka ido. Don haka na riƙa sa wa kaina ƴan alamu a cikin rubutun, yadda in ta wuce wuri za ta rubuta mini a fuska. Da farko alamun na mutunci ne. “Na iso nan.” “Na ga faifai.” “Saura kaɗan.” Amma mako uku na yi ina wannan aiki, kullum bayan an tashi daga makaranta, cikin zafin watan huɗu, a ɗakin da ba a riga an sa masa fanka ba. Ka gyara layi, ka sake haɗa tsarin, ka kashe, ka kunna, ka jira, ta tsaya. Ka sake. Zuwa mako na biyu alamun sun fara canza hali. Na koma rubuta wa kaina abin da na san na cancanta. Har na gano yadda ake sa rubutu ya fito da manyan haruffa jajaye, na yi amfani da wannan ilimi wajen zagin kaina da kyau, yadda zan gani ko daga bakin ƙofa.

Ranar da abin ya yi aiki, na yi rawa ni kaɗai a tsakanin tebura. Na bi rubutun na goge duk alamun da nake gani suna fitowa, na sa gaisuwa mai kyau a madadinsu: “Barka da zuwa ɗakin ilimi.” Waɗanda ke can ƙasa, a sashen da ba ya aiki sai in na'ura ta kasa gano faifai, ban ko leƙa su ba. Me zai kai ni? Na'urata ba ta kasa gano faifai. Na kunna ta sau hamsin a jere, sau hamsin ta tashi.

Mutum ɗaya ce ta nemi ta cece ni. Madam Rakiya, malamar lissafi, mace mai sanyin magana wadda ta yi karatun informatik, ilimin ordinater, na gaskiya a jami'a a Maraɗi kafin ta dawo koyarwa. Ni na kira ta da kaina, ba don ta duba mini ba, don ta yaba. Ta zauna ta karanta rubutun a natse, tana bi da yatsa, sai ta tsaya a wani layi.

“Mushe, nan ka ce ta buɗe faifai na farko.”

“Haka ne.”

“Ai na'ura tana raɗa wa faifai suna ne bisa wanda ta fara gani. Kowane faifai yana da lambarsa ta kansa, doguwa, wadda ba ta canzawa. Me ya sa ba ka kira shi da ita ba?”

Na ce lambar ta cika tsawo, kuma sai na bi na'ura sha biyu ɗaya bayan ɗaya ina kwafa. Na ce faifai ɗaya ne tak a cikin kowace, wa zai shiga gabansa?

“In an sa kle, ɗan abin nan na ɗaukar hotuna da takardu, a jiki kafin a kunna fa? Waɗannan faifan tsofaffi ne, suna da nauyin tashi. Kle zai iya riga su.”

Na yi irin murmushin nan da nake jin kunyar tunawa da shi yanzu, na ce, “Madam, ki bar wa mai abu abinsa.”

Ta dube ni, ta gyara mayafinta, ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Ba ta ko ƙarasa karanta sauran rubutun ba. Da ta ƙarasa, da ta ga abin da ke ƙasa.

Ranar buki ta zo. Aka kafa rumfa a gaban ɗakin, aka jera kujeru, aka buɗe ƙofofi da tagogi. Mushe Lawali ya aro majigi, aka haɗa shi da na'ura ta farko, aka fito da ita bakin baranda, yadda duk abin da ya fito a fuskarta zai bayyana a jikin farin bango, faɗinsa ya kai ƙofar gareji. Wakilin prefe ya zo, sufeto ya zo, masu unguwanni, iyaye maza a gaba, mata a baya, ƴan makaranta tsaye har bakin katanga. Ni kuwa na sha sabon ɗinki, shadda ruwan toka mai aiki a wuya, da takardar jawabi a aljihu wadda na yi kwana huɗu ina haddacewa.

Abin da ban sani ba shi ne, lokacin da nake bakin ƙofar makaranta ina gaisawa da baƙi da hannu biyu, Mushe Lawali ya tuna yana son a nuna hotunan yadda aka yi ginin. Hotunan suna cikin kle ɗinsa. Don kar a ɓata lokaci, sai ya zagaya bayan na'urar ya cusa shi a jiki, ya koma kujerarsa, bai gaya wa kowa ba. Ba laifinsa ba ne. Ni na gaya masa da bakina cewa babu abin da za a yi wa na'urar nan ta lalace.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka kira ni. Na karɓi lasifika, na fara da Faransanci don manya, na dawo Hausa don iyaye. Jawabin ya yi daɗi, wannan kam ba zan ƙaryata kaina ba. Na ce na'urorin nan ko ɗan yaye ya yi wasa da su ba abin da zai same su. Na ce ba daga Turai aka kawo wannan dabara ba, a nan Madarunfa aka ƙera ta. Sannan na ƙara jimlar da ba ta cikin takardar, wadda daɗin tafi ya fizgo daga bakina:

“Duk abin da za ku gani a bangon nan da Hausa, daga harafin farko har na ƙarshe, aikin hannuna ne.”

Aka tafa. Na rusuna.

A tsari, sufeto ne zai danna maɓalli. Amma da ya miƙe, sai ya ce a'a, wanda ya ɗauko yashi shi ya fi cancanta, a kira Baba Nomau. Jama'a suka ɗauki kabbara. Dattijo ya taso a hankali da babbar rigarsa fara, ya jingine sanda, na nuna masa wurin. Ya yi bisimilla, ya sa ɗan yatsa ya danna.

Bango ya yi haske. Ƙananan layukan Turanci suka fara gudu sama kamar kullum. Ni ina tsaye a gefe, hannu a ƙirji, ina ƙirga daƙiƙu a raina, ina jiran “Barka da zuwa”. Layukan suka tsaya. Aka yi shiru na ɗan lokaci, wanda ya fi na kullum tsawo. Na'ura ta je buɗe faifai na farko, ta tarar da kle ɗin direkta cike da hotunan magina, ta nemi abin da na ce ta nema ba ta samu ba, sai ta gangara sashen da na rantse ba za ta taɓa zuwa ba. A tsakiyar farin bango, da haruffa jajaye masu tsawon kamu guda, ta rubuta:

KAI JAKI, MI KA TABA KUMA?

Ban san ko ka taɓa jin shirun mutum ɗari uku ba. Yana da nauyi. Na ga wakilin prefe ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na ga Mushe Lawali ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. A can bayan rumfa wani ɗalibi ya yi wani irin sauti kamar wanda ruwa ya sarƙe.

Ni kuwa a cikin wannan masifa tunani ɗaya ne ya zo mini, kuma tunanin ɗan iska ne: alhamdu lillahi, dattijon bai iya karatun boko ba. In na yi sauri na kashe, zai koma kujerarsa bai san komai ba.

Na ɗaga ƙafa ke nan, sai Baba Nomau ya ɗaga mini hannu.

“Dakata, ɗana. Wagga ai Hausa ce.”

Ya sa hannu a aljihu ya fito da tabarau mai igiya, ya maƙala. Ya miƙo hannu, ni kuma kamar wanda aka yi wa asiri na ba shi lasifika. Ya juya ga jama'a fuskarsa cike da fara'a.

“Jama'a, ban gaya muku ba. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a garinmu. Waɗancan ƙananan na sama ban san yarensu ba. Amma wanga ja, namu ne. Yau zan karanta muku da kaina.”

Matan da ke baya, waɗanda rumfa ta tare musu bango, suka rangaɗa guɗa.

Na so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba. Dattijo ya matsa kusa da bango, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko kamar yadda aka koya masa, ya fara, gaɓa gaɓa, lasifika tana kai muryarsa har bakin hanya:

“Ka… i. Kai. Ja… ki. Jaki. Kai jaki.”

Ya ɗan tsaya. Ya ci gaba, don mutum ne da ba ya barin aiki a rabi.

“Mi… ka… ta… ba. Taba?” Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. “Taba kuma? Ni ban shan taba.” Ya sake duban bango. “A'a. Taɓa yake nufi. An mance ƙugiya. Malaminmu ya ce in ba ƙugiya, magana ta canza. Ɗana, kai ka rubuta wanga?”

(A wancan matakin na farko na'ura ba ta da haruffanmu masu ƙugiya, shi ya sa. Amma ka gaya mini, wannan lokacin bayani ne?)

Ba ni da wurin gudu. Minti biyar da suka wuce na shaida wa duniya cewa daga harafin farko har na ƙarshe nawa ne. Na ce, “Ni ne, Baba. Amma wallahi ba da kai take ba.”

“To da wa take? Ni na taɓa ta.”

A nan ne dariyar da aka danne ta fara ɓallewa, daga wajen ƴan makaranta ta taho gaba kamar ruwan kwari. Na ruga wurin na'ura, na danna babban maɓallin shigarwa, ina fatan rubutun ya gushe. Ya gushe kuwa. Na manta cewa ni da kaina na tsara in aka danna ta sake gwadawa, in ta sake kasawa ta fito da saƙo na biyu. Ga shi nan ya fito, ja wur, ya fi na farko tsawo:

NA CE MAKA BA KA IYA BA. TASHI KA KIRA MAI HANKALI.

Wannan karon Baba Nomau bai yi gaɓa gaɓa ba, hannunsa ya riga ya faɗa. Ya karanta shi tiryan-tiryan, da murya mai kyau, har da tsayawa a wurin aya. Sannan ya sauke lasifika kaɗan, ya dube ni daga hula har takalmi, ya mayar da ita bakinsa ya ce:

“To, wanga kam yanzu kai ka taɓa ta. Kuma ta ba da shawara. Jama'a, ina mai hankali? A taimaka a kira shi.”

Rumfa ta kife. Wakilin prefe ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Wani mai unguwa ya zame daga kujera sai da aka riƙe shi. Ni ina tsaye ina danna maɓallai barkatai, gumi ya jiƙa shaddar nan ta koma baƙa, kaina babu komai a ciki, ko sunan faifai ban iya tunawa.

Sai na ga Madam Rakiya ta taso daga layin malamai. Ba ta yi sauri ba, ba ta yi dariya ba. Ta zo ta zagaya bayan na'urar, ta duba, ta zare kle ɗin, ta ajiye a kan tebur a gabana. Ta kashe, ta kunna. Layuka suka gudu, kuma bayan ƴan daƙiƙu bango ya rubuta “Barka da zuwa dakin ilimi” da kore, kamar ba ita ce ta gama zagin mutane ba. Baba Nomau ya karanta wannan ma. Aka yi tafin da ban taɓa jin irinsa ba, kuma kowa ya san wadda ake tafa wa. Da za ta wuce ta gefena, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, “Gobe mu zauna mu sa dogayen lambobin.” Ba ta ƙara ko kalma ba. Da ta ce “ai na gaya maka”, da ya fi mini sauƙi.

Ba a gama kwashe kujeru ba Mushe Lawali ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba. Ya ce sufeto ya yaba da dabarar, ya ce tana da amfani sosai, kuma aikin Gabi da Sarkin Yamma Madam Rakiya ce za ta jagoranta, ni in riƙa bin ta. Sannan ya ce, “Dattijon nan ya yi dariya a gaban mutane don ya rufa maka asiri. Kar ka ɗauka bai ji ba. Ka hau babur ka tafi Safo yau ɗin nan.”

Bayan la'asar na sayi goro na kama hanya. Na same shi a ƙofar gida, zaune a kan tabarma yana gyaran igiyar amalanke, ya cire babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya nuna gefe da haɓa, inda jakinsa ke ɗaure yana cin harawa.

“Ga mai sunan can. Shi ma a gaishe shi.”

Na ce, “Baba, na zo neman gafara.”

Ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa har ya gama ƙulli, sannan ya yi magana, kuma babu wasa a muryarsa yanzu.

“Zagin bai dame ni ba. Na yi noma shekara sittin, na ji wanda ya fi shi daga bakin mutanen da suka fi ka. Abin da ya taɓa ni daban ne. Na yi shekara biyu ina zama cikin yara da mata ina a, ba, ca, ana yi mini dariya a gari. Na ce wata rana zan karanta abu gaban jama'a, jikokina su gani. Yau Allah ya kawo ranar. Ka ga abin da na karanta.”

Duk kunyar da na ji a rumfa ba ta kai ta wannan lokaci ba, don a can kaina nake tausayi. Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa kaina nake zagi, cewa na rubuta ne lokacin da aikin ya ƙi, na manta ban goge ba.

Ya ajiye igiya. “Kanka kake zagi? Da kanka?”

“In aiki ya ƙi, Baba.”

“To ai shi ma ba ka kyauta mashi ba. Ɗan mutane ne. Mahaifiyarka ba jaki ta haifa ba.” Ya karɓi goron, ya ɓare ɗaya, ya ba ni rabi. “Na yafe. Amma gaya mini, na'urar nan duk abin da aka ce ta faɗa da Hausa, faɗa take?”

Na ce ƙwarai.

Ya shiga gida ya fito da littafinsa na aji da guntun fensir. Ya ɗora a gwiwa, ya lashi bakin fensir, ya ɗauki lokaci mai tsawo yana rubutu, yana gogewa da yatsa yana sakewa. Ni ina zaune ina kallon kaji. Da ya gama ya yage shafin ya miƙo mini. Da manyan haruffa masu karkata ya rubuta: “Yi haƙuri, an samu tangarɗa. Ba laifinka ba ne. Kira malami.”

“Wanga za ka sa,” ya ce. “Yaran nan ƴaƴan manoma ne, wasunsu ba su taɓa ganin irin abin ga ba. In ta tsaya, tsoro za su ji, su ce su suka ɓata. Kar ta ƙara masu. Kuma ka sa ƙugiyoyin duka, zan zo in duba.”

Ya zo kuwa. Kwana uku muka yi ni da Madam Rakiya kafin mu shigar da haruffa masu ƙugiya cikin wancan ƙaramin tsarin, bayan mun bi na'ura sha biyu mun kira kowane faifai da lambarsa. Da dattijo ya iso, sai da muka cire wa na'ura ɗaya faifai da gangan don ta kasa tashi ya ga saƙonsa. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce ɗ ɗin ta ɗan yi ƙanƙanta amma za a iya haƙuri da ita. Saƙon nan ne a na'urorin Gabi, shi ne a na Sarkin Yamma. Ni na ɗauki jaka na bi Madam duk wuraren, na koyi abubuwan da da can na ɗauka na sani, kuma har yanzu ina ganin dabarar tawa dabara ce mai kyau. Mai ita ne ya buƙaci gyara.

Yanzu kafin in sa kowane rubutu a cikin na'ura, sai na miƙe tsaye na karanta shi da ƙarfi daga sama har ƙasa, har da sassan da na tabbata ba za su taɓa fitowa ba. Abokan aiki suna cewa na cika tsoro. Ni kuwa na san abin da na sani: layin da ka rantse babu mai gani, shi ne ake karantawa da lasifika.